CIWON GADO MAI RABA MUTUM DA BARCI HAR YA MUTU

Daga Wakilinmu

Hausawa na cewa barci ɓarawo ne, kuma kowa ya san gaskiyar wannan magana. Mai gadin kanti da ya sha alwashin ba zai runtsa ba, da direban babbar mota da ya cika bakinsa da goro, da ɗan makarantar da ya tsoma ƙafa cikin ruwan sanyi don ya yi karatun jarrabawa, dukkansu in dare ya raba sai ɓarawon nan ya lallaɓo ya sace su ba su sani ba. Amma akwai wani ciwo a duniyan nan wanda idan ya kama mutum, ɓarawon yakan yi ƙaura daga gare shi, ba ya sake komowa. Mai ciwon zai kwanta, ya rufe ido, ya yi ta juyi har gari ya waye, yau da gobe, wata da watanni, har rai ya yi halinsa. Likitoci sun raɗa masa suna rashin barci na gado mai kisa, a taƙaice kuma sukan kira shi da haruffan nan uku, FFI.

Ciwo ne wanda ba safai akan gamu da shi ba, don kuwa gidajen da aka san suna ɗauke da shi a duniya duka 'yan gommai ne kawai. To, amma labarin yadda yake somawa, da yadda yake tafiya daki-daki, da yadda aka daɗe ana yi masa gurguwar fahimta, abu ne da ya kamata mai karatu ya ji.

BAƘON BOLONYA

A cikin shekarar 1984 wani mutum ɗan shekara 53, daga wani babban gida a yankin Benis ta ƙasar Italiya, ya je asibitin Jami'ar Bolonya, inda wani shehun malami mai suna Elio Lugaresi yake shugabantar sashen binciken barci. Mutumin nan mai son ado ne da shiga jama'a. Ciwon ya fara nuna masa kansa ne yana cikin jirgin ruwa wajen hutu, ana tsakiyar rawa, sai ya ji rigarsa ta jiƙe sharkaf da gumi ba gaira ba dalili. Da ya dubi madubi, sai ya ga ƙwayar idonsa ta tsuke ta koma kamar tsinin allura. Nan take ya gane, domin ya taɓa ganin irin idon nan a fuskar mahaifinsa, ya kuma gan shi a fuskar 'yan'uwansa mata biyu waɗanda suka mutu a cikin shekarun 1970.

Da ya zo gaban likitoci bai yi wani ɓoye-ɓoye ba. Ya gaya masu cewa barci zai ƙaurace masa, kuma cikin wata takwas ko tara zai mutu. Sa'an nan ya yarda a ɗauki hotonsa na majigi dare da rana, ya kuma yi wasiyya cewa idan ya cika a cire ƙwaƙwalwarsa a bincika, ko Allah Ya sa na baya su amfana. Abin da ya faɗa kuwa shi ya faru. Bai ga ƙarshen shekarar ba.

Wanda ya kai shi Bolonya wani likita ne mai suna Ignazio Roiter, wanda yake auren 'yar gidan. Shi da matarsa sun yi shekaru suna bin littattafan majami'u na ƙauyuka inda ake rubuta haihuwa da mutuwa, suna tsintar sunayen dangi ɗaya bayan ɗaya. Abin da suka tarar ya isa ya tsinka zuciya: kusan kowane zamani sai an sami waɗanda suka mutu da irin wannan cuta, amma kowane likita da sunan da ya rubuta. Wani ya ce kumburin ƙwaƙwalwa ne, wani ya ce taɓin hankali ne, wani ma ya ɗora laifin a kan giya. Daga baya wani marubuci Ba'amurke, D. T. Max, ya wallafa littafi a kan gidan a 2006, inda ya bi sawun ciwon har zuwa kan wani likita da ya mutu a Benis a 1765. Watau ke nan fiye da shekara 200 mutanen nan suna binne 'yan'uwansu ba su san sunan abin da ke kashe su ba.

YADDA YAKE SOMAWA

Galibi ciwon yakan jira sai mutum ya kai wajen shekara 50, ko da yake an sami waɗanda ya kama da ƙuruciya, da waɗanda ya ƙyale har suka tsufa. Kafin wannan lokaci mutum lafiyarsa lau, ya yi aure, ya haifu, ya riƙe sana'a, babu wata alama ko ta anini. Daga ranar da ya motsa kuwa, yawanci tsakanin wata 7 ne zuwa wata 36, matsakaicin lokaci kuma wajen wata 18. Likitoci sun kasa tafiyarsa kashi huɗu, amma fa lissafin watannin kintace ne, wani yakan yi sauri, wani ya ɗan jinkirta.

Mataki na farko yakan ɗauki kamar wata 4. Barcin dare yakan soma raguwa, ya zama guntu-guntu, mutum ya farka sau da yawa, da rana kuma ko ƙailula ta gagare shi. Iyali sukan lura halinsa ya sake: mai fara'a ya koma shiru-shiru, abin da ya dame shi da can ya daina damunsa, ga faɗuwar gaba da tsoro marar dalili. Tare da wannan sai jiki ya shiga wani irin hali kamar na wanda ake kora a guje. Gumi ya riƙa tsattsafowa ko cikin sanyi, zuciya ta riƙa bugawa da sauri, jini ya hau, ga zazzaɓi-zazzaɓi da yamma, ga hawaye da yawu suna zuba. Ciki yakan ɗaure, namiji yakan rasa ƙarfin mazakuta, mace kuma al'adarta takan ɗauke farat ɗaya. Wasu sukan riƙa ganin abu ɗaya ya zama biyu. Ba kowa ne rashin barci yake fara bayyana a gare shi ba. Akwai waɗanda matsalar ido ko tangaɗi wajen tafiya ita ce ta fara kai su asibiti.

TSAKANIN BARCI DA FARKE

Mataki na biyu, wanda kan kai wata 5, shi ne ya fi ba likitocin Bolonya mamaki. Idan aka bar marar lafiya shi kaɗai, sai idonsa ya lumshe, kansa ya sunkuya, wanda ya gan shi zai rantse barci yake yi. Amma da aka liƙa masa wayoyin na'urar da ke zana motsin ƙwaƙwalwa a takarda, sai aka ga babu alamun barci na gaskiya. Zanen nan mai faɗi da nutsuwa wanda ke nuna barci mai nauyi ya ɓace. Mutumin yana nan maƙale a bakin ƙofa, bai shiga ba, bai fita ba.

A cikin wannan hali sai mafarki ya riƙa kutsowa yana ido biyu, jiki kuma ya riƙa aikata abin da yake gani. Za ka ga yana ɓalle maɓallin rigar da babu ita, ko yana kai loma baki hannu wofi, ko yana nuna wani abu a bango. Ɗaya daga cikin likitocin ya ba da labarin wata mata da takan ɗaga hannu tana ta taje kan wani wanda ba kowa ke ganinsa ba. Ashe sana'arta ke nan kafin ta kwanta, gyaran gashi. Idan aka kira sunan marar lafiya sai ya farga, ya amsa da hankalinsa, har ya faɗi abin da yake mafarki, jim kaɗan kuma ya sake nutsewa.

Nan ne zafin ciwon yake. Wasu cututtukan ƙwaƙwalwa sukan ɗauke hankali da wuri, mai ciwo bai san halin da yake ciki ba. Wannan kuwa yakan bar wa mutum saninsa har a yi nisa. Ya san iyalinsa, ya san abin da ke cinsa, ya kuma san inda aka dosa, musamman idan ya yi jinyar uwa ko uba.

A mataki na uku, wajen wata 3, barci ya ƙare ke nan ɗungurungum. Jiki yakan zube, mutum ya rame ƙwarai ko da yana cin abinci, don kuwa injin da ba a kashewa dare da rana tilas ya cinye mansa. Tafiya takan gagara, sai an riƙe shi. Harshe ya yi nauyi, magana ta daina fita sosai, haɗiya ta yi wuya, gaɓoɓi su riƙa zabura su kaɗai, numfashi ya riƙa sarƙewa.

Mataki na huɗu yakan kai wata 6. A nan hankali yake gushewa, magana ta ɗauke, mutum ya kwanta ba ya amsawa, daga nan ya shiga dogon suma. Sau da yawa ciwon huhu ko wata cuta da ta sami jiki a raunane ita ce ke ƙarasa shi.

Mai karatu zai ce, to ina maganin barci? An gwada. Ƙwayoyin da ke kwantar da mai lafiya cikin minti kaɗan ba sa kawo wa mai wannan ciwo barcin kirki, wani lokaci ma sai su ƙara dagula masa hankali. Dalili kuwa shi ne, wurin da maganin zai taɓa don barci ya zo, shi ne ya lalace.

SARKIN ƘOFA YA FAƊI

Bayan mutuwar baƙon Bolonya, Lugaresi ya aika da ƙwaƙwalwarsa birnin Cleveland na ƙasar Amurka, wurin wani tsohon ɗalibinsa, Pierluigi Gambetti, gwani wajen binciken ƙwaƙwalwar mamata. Da farko da aka dube ta kamar babu abin da ya same ta. Sai da aka yanka ta siriri-siriri aka sa a madubin likita, sa'an nan aka ga ɓarnar ta taru a wuri guda, can tsakiyar kai, a wani sashe da ake kira talamus, wanda girmansa bai wuce goro biyu a jere ba. A wasu ɓangarorinsa yawancin ƙwayoyin jijiya sun mutu.

Aikin talamus ya yi kama da na sarkin ƙofa a biranenmu na da. Saƙon ido da na kunne da na fata, ta wurinsa suke bi kafin su isa inda ake tunani. Idan dare ya yi shi ne ke tura ƙyaure, hayaniyar waje ta yanke, gari ya yi tsit, jini ya sauka, zuciya ta lafa, jiki ya huce. To, idan sarkin ƙofa ya faɗi, ƙofa ba ta rufuwa, gari kuma ba ya kwana. A 1986 Lugaresi da Gambetti da abokan aikinsu suka buga sakamakon binciken a wata babbar mujallar likitoci ta Amurka, ciwon ya sami suna.

WAKE ƊAYA KE ƁATA GARI

Saura tambaya: me ke kashe ƙwayoyin? Amsar ta fito daga wani fage dabam. Tun ƙarni na 18 makiyayan Ingila suka san wata cutar tumaki mai sa dabba ta yi ta soshe-soshe da tangaɗi har ta mutu. A 1920 da 1921 likitoci biyu Jamusawa, Creutzfeldt da Jakob, suka ba da bayanin wata cutar mutane wadda yau take ɗauke da sunansu. Takan kama mutum ɗaya ko biyu cikin miliyan a shekara, ta ɗauke hankali da gaggawa, yawanci kuma ba a cika shekara. A 1957 kuma aka bayyana cutar kuru, mai sa makyarkyata, a tsakanin ƙabilar Fore ta ƙasar Papuwa Niyu Gini. Mutanen wurin sun ɗauka sammu ne, har an kashe waɗanda aka zarga, alhali kuwa cutar tana yaɗuwa ne ta wata al'adarsu ta cin naman mamaci wajen makoki. Carleton Gajdusek, wanda ya nuna ana iya sa wa biri cutar, ya sami kyautar Nobel a 1976.

Abin da ya haɗa cututtukan nan shi ne, an rasa ƙwayar cutar da ke kawo su. A 1982 wani likita Ba'amurke, Stanley Prusiner, ya fito ya ce ba wata halitta mai rai ba ce, furotin ne kawai, watau irin sinadarin da aka gina jiki da shi, ya kuma raɗa masa suna firiyon. Masana da yawa suka yi masa dariya, amma a 1997 shi ma aka ba shi kyautar Nobel.

Ga yadda abin yake. Kowane ɗan Adam yana da wannan furotin a ƙwaƙwalwarsa, a naɗe yadda ya kamata, ba ya cutar da kowa. Idan guda ɗaya ya naɗu a karkace, sai ya taɓa na kusa da shi ya karkatar da shi, wannan ma ya karkatar da wani, a haka har su yi yawa su kashe ƙwayoyin jijiya. Wake ɗaya ke ɓata gari. Sojojin jiki ba sa yaƙarsa, don suna ganin ɗan gida ne. Tafasa ta yau da kullum ba ta kashe shi. Irinsa ne ya haddasa cutar haukan shanu da aka gano a Ingila a 1986, wadda a 1996 aka tabbatar ta tsallaka zuwa mutane ta hanyar nama, ta kashe mutum 178 a ƙasar.

A 1992 aka tabbatar cewa rashin barci na gado ɗan wannan dangi ne. Furotin ɗin kamar carbi yake mai ƙwaya 253. A jikin masu ciwon, ƙwaya ta 178 ce aka haife su da ita a sauye. Wani abin al'ajabi kuma, ƙwaya ta 129 ita ke yanke hukuncin irin cutar da za ta fito: idan iri kaza ce sai rashin barci, idan ɗaya irin ce sai cutar Creutzfeldt da Jakob. Idan uwa ko uba na ɗauke da sauyin, kowane ɗa da aka haifa rabi da rabi ne, ko ya gada ko ya tsira, mace ko namiji. Wanda ya gada kuwa da wuya ya kuɓuta. An sami irin gidajen nan a Italiya da Jamus da Sifen da Faransa da Amurka da Sin da Japan. A 1999 kuma aka ba da bayanin wani nau'in da kan faɗo wa mutum haka kawai ba tare da gado ba, amma shi ya ma fi wancan ƙaranci.

A SANI KO KADA A SANI?

Gano asalin ciwon ya sauke wa gidan Benis wani kaya, ya kuma aza masu wani. An daina cewa hauka ne, ko giya, ko baki aka yi masu. Amma yanzu da ɗigon jini kaɗan ana iya gaya wa saurayi ɗan shekara 20 ko yana ɗauke da abin da zai kashe shi yana ɗan 50, ga shi kuwa har yau babu maganin da ke warkarwa. Wasu sun ce gara su sani, su shirya rayuwarsu, su san yadda za su yi da maganar aure da haihuwa. Wasu sun ce a bar su cikin duhu, domin wanda ya sani, duk daren da barci ya yi masa gardama sai ya ce shi ke nan, ta zo. Ko wanne ka saurara sai ka ga yana da hujja.

Akwai wadda ta zaɓi ta sani, sanin kuma ya sauya mata hanya. Sonia Vallabh, wata Ba'amurkiya da ta karanta aikin lauya a Jami'ar Harvard, ta rasa mahaifiyarta a 2010, tana da shekara 52, bayan jinyar da ba ta kai shekara ba, wadda ta soma da matsalar gani. Sai bayan mutuwar aka gane ciwon. A 2011 Sonia ta yi gwaji, aka ce ta gada. Ita da mijinta Eric Minikel, wanda ya karanta tsara birane, suka ajiye ayyukansu suka koma aji suna koyon kimiyyar halitta tun daga tushe. A 2019 dukkansu biyu suka sami digirin dakta, suka kuma buɗe ɗakin bincike a Cibiyar Broad da ke Jihar Massachusetts.

Dabarar da suka sa gaba mai sauƙin faɗi ce. Tun 1993 masana a birnin Zurik suka nuna cewa ɓeran da aka cire wa wannan furotin ɗungum ba ya kamuwa da cutar ko an sa masa ita. Ashe ke nan idan aka rage yawan furotin mai lafiya a ƙwaƙwalwa, karkataccen zai rasa wanda zai karkatar, kamar a janye itace daga bakin wuta. A ƙarshen 2023 kamfanin magunguna na Ionis ya fara gwada wani magani mai wannan aiki a jikin masu cutar firiyon, ana yi masu allurarsa ta gadon baya.

ABIN LURA

Kada wanda ya karanta wannan ya kwana biyu bai yi barci ba ya ce ta same shi. Rashin barci irin wanda muka saba da shi, na tunani ne, ko bashi, ko zafi da sauro, ko yawan goro da shayi da dare, ko hawan jini, kuma mai shi komai daɗewa ɓarawo yakan sace shi. Wannan yana da magani, sai a je asibiti. Wancan kuwa ba ya zuwa shi kaɗai, yana tafe da gumi da rama da tangaɗi da mafarkin ido biyu, kuma kusan kullum akwai wanda ya riga ya mutu da irinsa a cikin dangi.

Abu na biyu, cututtukan firiyon ba a ɗaukarsu ta gaisawa, ko tari, ko cin abinci a kwano ɗaya. Babu dalilin gudun mai ciwo. Abin da yake bukata shi ne a zauna kusa da shi, a sauƙaƙa masa abinci yadda zai haɗiya, a riƙa juya shi kada kwanciya ta yi masa gyambo, a kuma yi magana a gabansa da sanin cewa yana ji.

Mutumin da ya je Bolonya ya san ba zai warke ba, bai kuma je neman warkewa ba. Ya je ne don a ga abin da gidansu ya yi shekara 200 yana rufewa a ɗaki. Shekara 2 bayan mutuwarsa ciwon ya sami suna, bayan shekara 8 aka gano tushensa, bayan kusan shekara 40 aka fara gwajin maganin rage furotin ɗin a jikin mutane. Allah Ya ba marasa lafiya sauƙi, mu kuma Ya bar mu da barcinmu.